Taku Bakwai Daga Kwakwar Inna

Rabi ce ta tono min wannan zance, ni da na daɗe da rufe shi na hau kai na zauna. Rabi 'yata ce ta biyu, tana aikin jinya a Croydon, nan London, kuma tun da gwiwa ta sa na ajiye aiki take damuna wai sai ta kai ni hutu. Ranar Laraba ta kira ni ina tsakiyar kasuwar Deptford ina duba kifi, ta ce, "Mma, na samo miki wuri. Tsibirinku ne fa, wanda kike ba mu labari. Yanzu an yi masaukin baƙi a can, Turawa sai tururuwa suke. Sun rubuta wai wuri ne da ba a gaggawa, daga rana sai yashi sai kwakwa. Na yi booking, ran Lahadi zan zo in nuna miki hotuna." Na ce mata to, Allah ya yi albarka. Mai kifi yana tambayata gida nawa zai yanka, ni kuwa na tsaya da waya a hannu kamar wadda aka dasa. Ban sayi kifin ba. Na koma flat ɗina na zauna bakin taga, ina kallon kogin nan nasu mai launin ruwan wanke-wanke yana janyewa yana barin taɓo. Yarana sun san labarin kwakwa da kififfiya, don shi nake ba su lokacin da suke ƙanana. Abin da ban taɓa gaya musu ba shi ne uwata tana kwance a yashin tsibirin nan, kuma teku yana tafe wajenta tun ina yarinya.

Masu masaukin ba su yi ƙarya ba, gaggawa kam babu ita a can. Tsibirin siriri ne, a bakin da kogi yake shiga teku. In ka tsaya a tsakiya, kunnenka na dama yana jin teku yana dukan yashi, na hagu yana jin kogi yana lasar cikin kwalekwale. Ban san ana iya barci babu wannan ƙara ba sai da na bar wurin. Masu garin masunta ne, da yarensu da wuraren tsafinsu. Mu Hausawa gida tara ne kacal a gefen kogi, zangon da iyayenmu suka kafa da suka biyo gishiri da bandar kifi daga arewa, suka ga wuri ya yi musu, suka ƙi komawa. Babanmu sayen banda yake yi ya tura arewa. Inna kuma koko da ƙosai take yi da safe, masunta su dawo daga ruwa su zauna a kan kututturen kwakwa su sha, wanda ba shi da ko sisi ya ajiye mata kifi biyu ya tafi. Babu agogo a gidan kowa. Ruwa ya cika, ruwa ya janye, da wannan muke sanin lokaci, sai kuma inuwar bukkar masallaci. Ranar Talata ba a fita su ko kaɗan, maza su baje taru a ƙarƙashin kwakwa suna ɗinki, rabinsu barci ya kwashe su da allura a hannu. In kwalekwalen kasuwa bai zo yau ba, zai zo gobe, ba wanda zai ɗaga murya a kai. A nan kuwa na ga mutum da gemunsa yana zagin allon tasha don jirgin ƙasa ya yi lattin minti uku.

Aikina shi ne ɗebo ruwa a rijiyar tsakiya, da tsinto ɓawon kwakwa na hura wutar banda, da korar shaho daga kan kifin da aka shanya. Hayaƙin banda ya kama gashina da zanena har na zaci haka kowane ɗan Adam yake wari. In na gama sai in bi yaran masunta mu tafi gefen teku farautar ƙaguwa, waɗannan farare masu gudu a karkace, mu zuba busasshen yashi a raminsu mu bi shi da hannu. Akwai lokacin da kififfiya, kunkurun teku, ke fitowa su haƙa rami su zuba ƙwai, da safe mu tarar da sawunsu a yashi kamar an ja buhu. In 'ya'yan suka ƙyanƙyashe, sai ka ga yashi yana motsi, ƙanana-ƙanana suna rarrafe zuwa ruwa, tsuntsaye na bin su suna ɗauka, mu kuma muna ihu muna jifan tsuntsayen. Ruwan kwakwa ba a sayar da shi, wa zai saya? Ka ce wa kowane saurayi kana jin ƙishi, ya hau ya sauko maka da biyu. Shekaran jiya na ga kwakwa a wani shago, an fere ta an naɗe a leda an soka mata tsinke, na duba kuɗin na ajiye musu abarsu. Inna takan ce da ni, "Ke dai kar ki juya wa teku baya, ba ya son raini." Ita kanta ba ta taɓa sa ƙafarta a ciki ba. 'Yar tudu ce, ta zo ta tarar da shi, suka zauna da juna ba gaba ba zumunci.

Maƙwabciyarmu ta bayan danga wata tsohuwa ce daga cikin masu garin, kowa Dada yake ce mata. Ita ce ungozomar tsibirin, ita ta yanke min cibiya. Tana jin Hausa irin tata, mace da namiji duk "ka" ne a bakinta. Ta fi kowa sanin ruwa. Takan tsaya ta shaƙi iska ta ce kar a fita yau, kuma ko saurayi mai taurin kai ba ya ja da ita. Baba yana girmama ta, yana aika mata da naman layya, amma a ransa arniya ce, maganarta tana da iyaka.

Ina 'yar shekara goma sha biyu ko sha uku Inna ta haifi ƙanena Salisu. Da hantsi ta haihu, jini ya ɓalle, Dada ta yi duk abin da ta sani, kafin azahar Inna ta cika. Ina tuna koko yana nan a tukunya bai ƙare ba, ƙudaje sun taru a bakin murfin. Ban yi kuka nan da nan ba, sai na ɗauki tsintsiya ina ta sharar tsakar gida, ban san dalili ba har yau.

Masu garin ba sa binne mamacinsu a tsibiri. Sukan sa shi a kwalekwale su haye da shi tudu, can gaba da kogi inda ƙasa take ja. A ranar kuwa ruwa ya janye, bakin kogi ya yi hauka, ba mai iya hayewa sai washegari. Baba ya ce matarsa ba za ta kwana a waje ba, Musulmi ba a ajiye shi, kafin rana ta faɗi za a kai ta. Dattawan zango suka goyi bayansa. Suka zaɓi gefen teku, don yashin can fari ne tas, busasshe, ga shi nesa da wuraren tsafi, ga sauƙin haƙa. A idon mutanen da suka tashi a ƙasar da dutse yake nan inda kakanka ya bar shi, wuri ne mai kyau. Dada ta zo ta durƙusa gaban Baba, abin da ban taɓa ganin ta yi wa namiji ba, ta ce, "Malam, ka bari sai gobe. Wannan ƙasa ba naka ba, ba nawa ba. Na teku ne, aro ya ba mu. Inda ubana ya yi gida, yanzu kifi ke kwana." Baba ya ce, "Dada, na gode. Ƙasa ta Allah ce, teku ma na Allah ne. Ki tashi." Ba da faɗa ya faɗa ba, idonsa jajir. Aka yi wa Inna wanka, aka sallace ta, maza suka ɗauke ta. Na ga Dada ta bi bayansu daga nesa, ba ta matsa ba.

Kwana uku da rasuwar, da sassafe, Dada ta kama hannuna ta kai ni wurin. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, da Baba ya gani da na sha duka. Ba wata alama sai ɗan tudun yashi da iska ta riga ta fara shafewa, don Baba ya ce kabari ba a yi masa ado. Dada ta tsaya a kai, ta juya ta fuskanci teku, ta fara tafiya tana ƙirge da yarenta, ni ina biye, har ruwa ya taɓa mana ƙafa. Ta ce, "Ɗari huɗu. Ka riƙe a kanka." Muka dawo, ta sake tsayawa a kan kabarin, wannan karon ta ba teku baya ta yi taku bakwai zuwa cikin tsibiri. Ta ciro kwakwa mai tsiro daga zanenta ta ce in haƙa. A nan muka dasa ta, nesa kaɗan don kar Baba ya gane ya tumɓuke, kuma don kar saiwa ta shiga wa Inna. Ta ce, "Ni zan mutu, ubanka zai mutu. Kai za ka girma. Ranar da ruwa ya matso, ka zo ka ɗauki uwarka ka kai shi tudu." Na ce to. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa.

Kwakwar ta kama. Tana ƙarama wata iska mai ƙarfi ta kwantar da ita, muka ce ta mutu, sai ta yi tafiya a kwance kamar tsawon mutum biyu sannan ta ɗaga kai sama, ta zama kamar gwiwar hannu. Duk tsibirin babu mai irin wannan lanƙwasa. Ni na goyi Salisu, ni na yaye shi da koko, kuma da ya yi wayo na kai shi na nuna masa, na koya masa ƙirgen. Yaron nan tun yana ƙarami ya sa wa ransa shi ya kashe Inna. Ba wanda ya gaya masa haka, amma kowa ya kalle shi sai ya tuna ranar, shi kuma yana gani a fuskokinsu. Da na yi aure na koma Accra, taku ya dawo ɗari uku da wani abu. Ban damu ba. Ɗari uku ai tafiya ce, ina ganin kafin ruwa ya cinye ta na tsufa na huta na dawo da kuɗi a hannu. Dada ta mutu aka haye da ita tudu. Baba ma da ya ji ciwon ajali ya kama shi, da bakinsa ya ce a haye da shi. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma mun gane.

Daga Accra sai London, na biyo mijina, Allah ya ji ƙansa. Na share ofisoshi da ɗakunan likitoci a Marylebone shekara da shekaru, in fita gari bai waye ba, in dawo ƙafa ta kumbura. A nan na koyi gaggawa. Na koyi cin abinci a tsaye, na koyi gudu a kan matakalar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da jaka biyu, na koyi ce wa mutum "ina zuwa" alhali na san ba zan zo ba. Salisu ya zauna a tsibiri yana sana'ar Baba. Da farko wasiƙa yake aiko min, malamin makaranta ya rubuta masa, daga baya waya ta zo. Duk gaisuwar da za mu yi, a ƙarshe sai in ce, "Nawa?" shi kuma ya faɗa. Ɗari biyu da hamsin. Ɗari da tamanin. Wata damina guda ta ci arba'in a tashi ɗaya, ta tafi da bukkar masallaci ta gefen can. Sauran gidajen zango da suka binne nasu kusa da Inna suka je wajen malamai, aka ce musu ya halatta a tone in ruwa zai ci, suka kwashe iyayensu suka kai tudu. Na ce wa Salisu ya samu mutane ya yi, zan aiko da abin da ake bukata. Ya ce, "Yaya, ni ban taɓa ganin fuskarta ba. Ba zan fara ganin ta a ƙashi ni kaɗai ba. Ki zo ki tsaya ko daga nesa ne, ni zan yi haƙan." Na yi masa faɗa, na ce namiji har namiji yana tsoron uwarsa. Allah ya yafe min wannan magana. Ya ce, "Na ji. Ki zo dai."

Zan iya cewa takardun zaman ƙasa ne suka hana ni, kuma akwai gaskiya a ciki. Shekaru da dama in na fita ba ni da hanyar dawowa, ga yara ƙanana. Amma takardu sun fito. Ranar da na karɓo su har rawa na yi a kicin. Bayan nan sai na ce bari Rabi ta gama makaranta. Sai mijina ya kwanta ciwo. Sai bikin babbar 'yata. Sai aikin gwiwa. Na je Makka, na je Accra sau biyu biki, kuma daga Accra zuwa bakin kogin nan tafiyar rabin yini ce, ban je ba. Tun da na fara faɗa bari in faɗa duka. Tsoro nake ji. Ina tsoron a buɗe yashin nan in ga abin da ya rage na matar da ke tsefe min kai tana tauna goro. Na zagi ƙanena da ciwon da ni ma nake ɗauke da shi. Da ƙirgen ya sauko sittin sai na ga ba na iya barci in na ji lambar. Daga nan in mun yi waya sai in cika shi da tambayar yara da farashin kifi da ciwon bayansa, in ce katin wayata ya kusa ƙarewa, in kashe. Shi ma bai sake ɗauko zancen ba, ni kuwa na ɗauki shirunsa a matsayin lafiya.

Ran Lahadi Rabi ta zo bayan azahar da 'yarta Amira, wadda ke jin Hausa sarai amma sai ta amsa maka da Turanci. Na dafa musu wake da shinkafa. Rabi ta jawo kujera kusa da ni ta buɗe babbar wayarta. Ga ɗakuna na ciyawa an yi musu fenti, ga teburori a yashi, ga wani saurayi da farar riga yana miƙa wa baƙi kwakwa da tsinke. Ban gane ko'ina ba, na fara jin sanyi a raina, na ce watakila ma ba tsibirinmu ba ne. Sai ta ce, "Mma, ga wanda ya fi kyau. Shi suka sa a gaba, kowa a nan yake ɗaukar hoto." Ta tura da yatsa.

Kwakwar ce. Ta yi tsawo, ta tsufa, amma gwiwar hannun nan tana nan yadda na san ta. An ɗaura mata ragar kwanciya daga lanƙwasar zuwa wani gungume, wata Baturiya tana kwance a ciki da hula a fuska. Saiwoyin duk a waje suke, ruwa yana wanke su. Ragar ma a kan ruwa take lilo. Na karɓi wayar, na sa yatsa a gindin bishiyar, na fara matsawa wajen teku ina ƙirgawa a hankali. Ɗaya, biyu, uku. Tun daga ɗaya ruwa ne. A na bakwai wasu yara biyu ne suke iyo, ruwan ya kai musu ƙirji, suna dariya. Amira ta tambayi uwarta da Turanci me kaka take ƙirgawa. Rabi ta ce, "Mma, lafiya?" Na ce ta kira min kawunta Salisu.

Ya ɗauka a bugu na biyu, ina jin teku a bayansa. Ban gaishe shi ba. Na ce, "Salisu, nawa?" Ya ce, "Yaya, babu. Damina biyu ke nan." Na ce ya aka yi. Ya ce da rana tsaka ne, ruwa ya yi wata irin cika, yana tsaye yana kallo gaɓar ta rufta. Ya shiga har wuya yana lalube da hannu da ƙafa, har masunta suka janyo shi. Bai samu komai ba, ko ƙyallen likkafani. Na ji raina ya ɓaci, irin ɓacin ran wanda ya san shi ne mai laifi, na ɗaga masa murya a gaban 'yata da jikata, na ce shekara biyu yana gaishe ni yana tambayar gwiwata, me ya hana shi gaya min. Bai yi fushi ba. Da ma ya yi, da ya fi min sauƙi. Ya ce, "Yaya, duk ranar da kika kira ina riƙe da maganar a bakina, ina jira ki tambaya. Kin daina tambaya."

Rabi ta karɓi wayar daga hannuna ta yi masa sallama. Ta durƙusa a gabana ta ce, "Mma, ban sani ba. Bari in yi cancel." Na ce kar ta taɓa, za mu je, Salisu ya gaji da tsayuwa shi kaɗai. Na jawo Amira na zaunar da ita a kan gwiwar da ke min ciwo, na nuna mata ruwan da yaran nan ke wasa a ciki, na ce, "Kin ga nan? Nan uwata take. Sunanta Hauwa." Yarinyar ta kalli hoton, ta kalle ni, ta maimaita sunan a hankali. Rabon da in ji an kira shi a gabana tun ranar da aka ɗauke ta.